Yadda Ake Bi Ta Karatu Da Izinin Aikin Miji Ko Mata Har A Samu Zaman Dindindin A Kanada

Masu tambaya sun yi yawa a kan maganar nan, wai ɗaya ya tafi Kanada karatu, ɗayan ya bi shi da izinin aiki, daga nan su zarce har su samu takardar zama ta dindindin wadda ake ce wa PR. Eh hanyar tana nan kuma halastacciya ce, amma fa ba irin ta 2022 ba ce da kowace ƙaramar kwaleji za ta iya kai mutum gaci, tsakanin 2024 da 2025 hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, ta ɗaure abin tamau, duk wanda ke ba ka shawara da labarin yadda ya shiga shekarun baya to tsohon zance yake maka ko da kuwa da zuciya ɗaya yake yi.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga nan. Aikin da ɗalibi ya yi yana cikin karatu ba a lissafa masa shi wajen neman PR ta tsarin masu gogewar aiki a Kanada, amma aikin da mijinta ko matarsa suka yi da izinin aiki ana lissafawa. Kenan sau da yawa wanda aka ɗauka ɗan rakiya ne, shi ne zai ja iyalin gaba ɗaya. Don sauƙi zan riƙa cewa ɗalibi da mai rakiya, ko miji ne ko mata. Duk kuɗin da zan ambata dalar Kanada ce.

Mataki na 1: Ku zauna ku yanke waye zai yi karatu

Mutane da yawa ba sa ma tsayawa a nan, kawai maigida ne zai yi karatu shikenan. Toh ku tsaya. Wanda ya fi saurin samun aiki mai daraja, misali mai sana'ar jinya ko lissafin kuɗi ko kwamfuta ko gyaran injina, kuma Turancinsa ya nuna, shi ya fi dacewa ya zama mai rakiya don zai iya fara aiki na cikakken lokaci da zarar an sauka. Wanda sakamakon digirinsa ya fi kyau shi ya nemi gurbin karatun.

Ku duba shekaru ma. A lissafin makin Express Entry, wato tsarin da gwamnatin Kanada ke jera masu neman PR bisa maki ta gayyaci waɗanda suka fi, ɗan shekara 20 zuwa 29 ne ke cinye makin shekaru duka, daga 30 ya fara zubewa duk shekara, a 45 babu ko ɗaya. In mata tana da 27 miji yana da 38, to tun yanzu ku san da sunan wa za a shigar da takardar PR, kada girman kai ya shigo ciki.

Mataki na 2: Zaɓen kwas, nan ake yin ta ko a ɓata ta

Daga 21 ga Janairun 2025 ba kowane ɗalibi ne mijinta ko matarsa ke samun izinin aiki ba. Waɗanda suka rage su ne mai digiri na biyu wato mastas da tsawonsa ya kai wata 16 ko fiye, da mai digiri na uku, sai wasu digirorin sana'a da aka ware a jami'a irin su likitanci, likitan haƙori, haɗa magunguna, lauya, jinya, koyarwa da injiniya. Difloma ta kwaleji ta fita, satifiket na shekara ɗaya bayan digiri shi ma ya fita, duk da cewa su ne ejan-ejan suka fi tallatawa saboda adimishan ɗinsu ba wuya.

Gargaɗi: akwai mastas masu kyau na wata 12. Ɗalibi zai samu biza, zai ma samu izinin aiki bayan ya gama, amma mai rakiya ba zai samu izinin aiki ba. Ku karanta takardar adimishan da kyau ku ga tsawon da aka rubuta a jiki, abin da ke rubuce shi jami'in biza zai duba, ba abin da wani ya faɗa maka a waya ba.

Sannan makarantar dole ta kasance cikin jerin waɗanda aka amince su ɗauki ɗaliban waje, ana ce musu DLI, jerin yana shafin IRCC kyauta, kuma a nan ne za ka ga ko kwasa-kwasan makarantar suna bada damar izinin aiki na bayan kammalawa wanda ake kira PGWP. Kasancewar makaranta DLI daban, bada PGWP daban, kada a haɗe maka su. Kwalejoji masu zaman kansu da ke koyar da manhajar kwalejin gwamnati a madadinta an cire ɗalibansu daga PGWP tun Mayun 2024.

A ganina in ba dole ba ku kauce wa lardin Kebek a wannan tsarin, yana da nasa dokokin da tasa takardar amincewa mai suna CAQ, kuma Express Entry na waɗanda za su zauna a wajensa ne.

Mataki na 3: Takardar adimishan da ta lardi

Bayan makaranta ta ba ka gurbi yawanci za ta nemi ka biya wani kaso na kuɗin makaranta. Tun Janairun 2024 akwai ƙarin takarda da lardi ke bayarwa mai suna PAL, makarantar ce ke nemo maka ita ba kai ba. Dokar wa ke buƙatarta wa ba ya buƙata ta sha canzawa musamman ga masu mastas, don haka ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje na makarantar ka tambaye su kai tsaye, in kana cikin masu buƙata ka tura babu ita za a dawo maka da takardunka ne kawai.

Kafin ka biya ko sisi ka karanta ƙa'idar mayar da kuɗi in an hana biza. Wasu suna cire kaɗan su dawo da saura, wasu kuma sai ka turo takardar ƙin amincewar cikin kwanakin da suka ƙayyade, ka wuce ka yi asara.

Mataki na 4: Kuɗin da za a nuna

Daga 1 ga Satumban 2025 mutum ɗaya zai nuna 22,895 na rayuwar shekara guda, mutum biyu 28,502, uku 35,040, huɗu 42,543. Wannan fa ban da kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin jirgi. Kuɗin karatun mastas ga ɗan waje a matsakaici ya ɗan haura 20,000 a shekara, akwai masu ƙasa da haka musamman na bincike, akwai kuma na harkar kasuwanci da suka ninka. Kaga miji da mata ba yara, maganar 50,000 ake yi a sama ko a ƙasa kaɗan. Adadin na rayuwa ana sabunta shi duk shekara, a duba na ranar da za a tura.

Ba yawan kuɗin kaɗai jami'in ke kallo ba, tarihinsu yake bi. Asusun da wata huɗu yana fama da 'yan canji sai rana ɗaya aka jibga masa miliyoyi, wannan kowa ya san aro ne. In gida ko fili aka sayar a sa takardar cinikin, in mahaifi ne ko yaya zai ɗauki nauyi a sa wasiƙarsa da shaidar dangantaka da shaidar inda yake samun kuɗin. In da hali a biya kuɗin zangon farko ko na shekara a sa rasit, yana ƙara wa takarda nauyi.

Gargaɗi: masu cewa za su haɗa maka takardar banki ko ta wurin aiki, ka guje su kamar wuta. In aka kama ƙarya a takarda haramcin shekara 5 ne, kuma ba ruwan IRCC da cewa ejan ne ya yi, sunanka ne a fom ɗin. Duk mai karɓar kuɗi don ya wakilce ka dole ya zama lauyan Kanada ko mai lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, sunayensu na shafin hukumar ana iya bincikawa.

Mataki na 5: Shaidar aure

Zan ɗan daɗe a nan don an fi yin sakaci da shi. Takardar aure ta hukuma ita ce farko, in ba da Turanci ko Faransanci take ba a kai wa mai fassara da aka amince da shi. A haɗa da hotunan biki da na zaman tare a lokuta daban-daban, takardar haihuwar yara mai sunan iyaye biyu, takardar haya ko wata shaida da ke nuna adireshi ɗaya, da shaidar tura wa juna kuɗi. Auren da aka ɗaura sati uku kafin a tura takarda ba haramun ba ne amma za a sa masa ido sosai, sai a ƙara bayanin yadda aka haɗu da yadda aka kai ga auren.

Dokokin Kanada uku da ya kamata a sani. Na ɗaya, dole mijin ko matar su kai shekara 18. Na biyu, tun 2015 ba sa karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci ko ta waya ko ta intanet alhali ango ko amarya ba sa wurin da jikinsu. In naku ta wakilai aka ɗaura, ku nemi shawarar mai lasisi tun kafin ku cika fom, akwai mafita, domin ma'auratan da suka zauna tare wata 12 a jere ba yankewa dokar tana karɓarsu ta wani rukunin in sun kawo shaidar zaman. Na uku, mai mata fiye da ɗaya, auren farko kaɗai suke ɗauka a matsayin aure.

Kuma dan Allah a rubuta duk 'ya'ya a fom, har waɗanda ba za a tafi da su ba, har na wani auren. Yaron da aka ɓoye lokacin neman PR zai yi wuya a iya ɗauko shi daga baya, kuma ɓoyewar kanta ƙarya ce a wurinsu.

Mataki na 6: Tura takardun

Ana turawa ta intanet a asusun IRCC. Izinin karatu 150. Izinin aikin mai rakiya 155 da ƙarin 100 saboda buɗaɗɗe ne ba a ɗaure shi da kamfani ɗaya ba, 255 kenan. Ɗaukar hoton yatsu 85 ga mutum ɗaya, iyali in sun tura tare ba ya wuce 170. Sai gwajin lafiya, wanda ba kowane asibiti ake zuwa ba sai likitan da ke cikin jerin IRCC. Tsarin gaggawa da ake yi wa ɗaliban wasu ƙasashe an rufe shi a Nuwamban 2024, don haka a tura da wuri, wata biyar ko shida kafin a buɗe makaranta bai yi yawa ba.

A tura tare ko ɗalibi ya fara tafiya? Duka biyun doka ta yarda. Tura tare yana nufin nuna kuɗin mutum biyu tun farko, kuma jami'i zai iya cewa ai kun kwashe kowa me zai dawo da ku. Fara tafiya kuma yana cin watanni daga lokacin aikin mai rakiya, domin izininsa yana ƙarewa ne tare da na ɗalibi. Ni dai in kuɗin sun cika kuma tarihinsu a bayyane yake, tare na fi so, watannin nan su ne jarin.

Sai wasiƙar bayanin dalilin karatu. Dokar Kanada ta yarda mutum ya zo na wucin gadi yana kuma da burin zama daga baya, amma duk da haka sai ka gamsar da jami'in cewa in izininka ya ƙare ba ka samu wani ba za ka fita. Don haka ka yi bayanin yadda kwas ɗin ya haɗu da abin da ka karanta da aikin da kake yi, da abin da ka bari a gida na aiki ko kadara ko iyaye. Mai digiri a kimiyyar sinadarai da shekara takwas a banki ya ce zai je karanta harkar otal, dole a tambaya. Kada a kwafo wasiƙar wani, sun ga irinta dubu. In an taɓa hana ka bizar wata ƙasa ko wacce ce ka faɗa, suna musayar bayanai da Amurka da Ingila da Ostareliya da New Zealand.

Mataki na 7: An sauka

Takardar da aka turo maka ta amincewa ba ita ce izinin ba, a filin jirgin farko da ka sauka jami'i zai buga ainihin izinin ya miƙa maka. Ka karanta shi a gabansa, suna, ranar ƙarewa, da layin da ya ce an yarda ka yi aiki, gyara a nan minti biyu ne, bayan ka fita kuma sai an sha jira. Daga nan kowa ya je ya karɓi lambar SIN, wato lambar aiki da haraji, a ofishin gwamnati na Service Canada, kyauta ce kuma babu aikin halal sai da ita.

Ɗalibi yana da awa 24 a sati na aiki a wajen makaranta lokacin karatu, cikakken lokaci kuma a hutun da makaranta ta tsara. Kada a wuce ko da awa ɗaya da sunan ba mai gani, albashi yana bi ta hukumar haraji. Kada a ajiye zango ba tare da izinin makaranta a rubuce ba, kada kuma a rage kwasa-kwasai a koma ɗalibin rabin lokaci, yana iya kashe PGWP, zangon ƙarshe ne kawai aka yi wa sassauci. Canza makaranta ma yanzu sai an nemi sabon izinin karatu.

Mataki na 8: Aikin mai rakiya

Kowane aiki a Kanada yana da lamba mai alƙaluma biyar da ake kira NOC, alƙalami na biyu shi ke nuna matakin aikin daga 0 zuwa 5. Na 0, 1, 2 da 3 kaɗai ake lissafawa a tsarin masu gogewar aiki a Kanada, wato CEC. Karɓar kuɗi a kanti, shara da goge-goge, ɗaukar kaya a sito, gadi, duk 4 ne ko 5, za su biya haya amma ko shekara goma aka yi ba sa ƙara komai a wannan lissafin. Mataimakin ma'aikacin jinya, mai dafa abinci a gidan abinci, sakataren ofis, direban babbar mota, waɗannan 3 ne. Mai kula da ma'aikata a kanti ko gidan abinci da malamin renon yara 2 ne. Ba laifi a fara da abin da aka samu don a ci abinci, amma a sa wa kai wa'adi, wata uku ko huɗu a tsallaka.

Abin da ake nema shekara ɗaya ce, awa 1,560, wato awa 30 a sati har sati 52, a cikin shekara uku na baya. Yin awa 60 a sati ba ya rage watannin, 30 kawai za a ƙirga. Aikin kai da kai kamar jigilar fasinja ko kai abinci ta manhaja ba ya shiga, aikin da ake biya a hannu ba takarda shi ma haka.

Gargaɗi: ba sunan muƙami ake dubawa ba, ayyukan da kake yi ne. Tun kana wurin ka karɓi wasiƙa a takardar kamfani mai ɗauke da ranar farawa, awoyi a sati, albashi da jerin ayyukanka, ka adana takardun albashi da takardar haraji ta T4. Neman wasiƙa bayan an bar aiki an yi faɗa da manaja wahala ce.

Mataki na 9: Izinin aiki bayan kammalawa

Da zarar makaranta ta tabbatar a rubuce ka gama, kana da kwana 180 ka nemi PGWP, kuɗinsa 255. Amma kada ka jira, izinin karatu yana mutuwa kwana 90 bayan kammalawa ko da ranar da ke jikinsa ba ta kai ba. Daga ranar da takardar ta fito ka dakata da aiki sai ka tura, in ka tura izininka na da rai za ka iya ci gaba da cikakken aiki kana jiran amsa. Mai mastas yana samun shekara 3. Tun Nuwamban 2024 sai da sakamakon jarrabawar harshe, mai digiri mataki na 7 a ma'aunin harshe na Kanada da ake kira CLB, wanda a jarrabawar Turanci ta IELTS General yake daidai da 6.0 a kowane ɓangare huɗun. Sau ɗaya ake bada PGWP a rayuwa, kuma ba ya wuce ranar mutuwar fasfo, a sabunta fasfo tukuna.

Ga tarkon da ke kama iyalai. Izinin mai rakiya ba ya sabunta kansa don ɗalibi ya samu PGWP. Sai tsohon ɗalibin yana aiki a mataki na 0 ko 1 ko wasu zaɓaɓɓun ayyuka na 2 da 3, kuma izininsa yana da sauran aƙalla wata 16. Kenan neman aikin ɗalibi ya fara tun zangon ƙarshe.

Mataki na 10: Shiga Express Entry

Ba sai an jira ɗalibi ya gama ba, ranar da mai rakiya ya cika shekararsa ya buɗe bayanansa, buɗewar kyauta ce kuma tana wata 12. Kayan aiki: sakamakon IELTS General ko CELPIP ko PTE Core da bai wuce shekara 2 ba, da tantance digirin gida ta hukumomin tantancewa irin su WES wanda ke aiki shekara 5. IELTS Academic da aka nemi makaranta da shi ba ya aiki a nan. In kowannenku ya cancanta kowa ya buɗe nasa ya sa ɗayan a ciki.

Cancanta daban gayyata daban. A 2025 makin da aka yanke wa 'yan CEC bai sauko ƙasa da 500 ba, kuma makin da ake bayarwa don tayin aiki an soke shi a Maris na shekarar. Abin da ke ɗaga maki na gaske: kai Turanci CLB 9, wato 8 a saurare da 7 a sauran ukun, mastas na Kanada mai ƙarin maki 30, shekara ta biyu ta aiki, da Faransanci mai ƙarin har 50, wanda kuma yake da nasa zaɓen daban da makinsa ya taɓa saukowa ƙasa da 400 a 2025. Wanda ya fara koyon Faransanci tun yana jiran biza ya yi wa kansa gata. Sai zaɓin lardi, wato lardi ya zaɓe ka da kansa, mai maki 600, kowane lardi da sharuɗɗansa kuma suna buɗewa suna rufewa, a riƙa leƙa shafin lardin da ake zaune. Lardunan gabar Atilantika huɗu suna da nasu shirin ga wanda ya samu aiki a kamfanin da aka amince da shi.

Mataki na 11: Bayan gayyata

Kwana 60 ne kacal a tura komai. Takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da aka zauna, ban da Kanada, wata 6 a jere cikin shekara 10 na baya ita ta fi cin lokaci, a fara nemanta tun ana hango gayyatar. Sai gwajin lafiya na kowa da kowa har yara. Kuɗin da aka sa a Afrilun 2024 shi ne babba 950 na dubawa da 575 na haƙƙin zama, 1,525 kenan, yaro 260, amma duk shekara biyu ake sake duba farashin, don haka a duba na ranar da za a tura. 'Yan CEC ba a neman su nuna kuɗin ajiya. Duk abin da aka rubuta a nan ya yi daidai da abin da aka rubuta tun fom ɗin izinin karatu, ranakun aiki da na makaranta da na aure, suna da tsohon fayil ɗin a gabansu. In izinin aikin wanda ya shigar ya kusa ƙarewa ana cikin jira, akwai izinin cike giɓi mai suna BOWP, ana nemansa bayan an samu shaidar sun karɓi takardun PR, kuma a nema kafin tsohon ya mutu.